Huji Tara a Katakon Zamiya: Yadda Aka Ɗaura Tsohon Maɗauri a Innsbruck

## Asalin lamarin

Mutumin da ya ɗaura wannan maɗauri, wato abin da ke riƙe takalmi a kan katakon zamiya, maƙwabcina ne a wani gidan haya mai hawa huɗu a Innsbruck, babban birnin jihar Tirol ta ƙasar Ostiriya. Shekarunsa talatin da 'yan kai, nauyinsa kilo 74, tsayinsa santimita 178. Waɗannan lambobi za su yi aiki a gaba. Tun yana yaro ya iya zamiya a kan dusar ƙanƙara, amma irin ta filin wasa, inda kujerun da ke tafiya a kan waya ke kai mutum sama, shi kuwa nasa gangarowa. Abin da ya so ya fara shi ne ɗaya nau'in, wanda ake hawa dutsen da ƙafa, katakon zamiya yana ɗaure a takalmi. A ƙasan katakon ana manna wata fata mai gashi kwance, tana barinsa ya yi gaba, tana hana shi sulalewa baya. In an kai sama a ɓare fatar a cusa a jaka, a gangaro.

Wannan nau'i yana bukatar maɗauri mai aiki uku. A hawa ya riƙe yatsun takalmi kaɗai, dunduniya tana ɗagawa kamar ta mai tafiya da silifa. A gangara ya kama dunduniyar ma. In kuma mutum ya faɗi ƙafa ta murɗe, ya saki takalmin kafin ƙashin ƙwauri ya karye.

Maɗauran iri biyu ne. Akwai masu firam, irin Diamir na kamfanin Fritschi na Suwizalan, inda takalmi ke zama a kan wata sanda, sandar tana ɗagawa tare da ƙafa a kowane taku. Akwai kuma masu fil, waɗanda wani ɗan Tirol, Fritz Barthel mutumin Bad Häring, ya ƙirƙira ya yi musu rajista a 1984, kamfanin Dynafit ya karɓi lasisin ƙera su a 1990. Dabararsa ita ce a jefar da sandar, takalmin da kansa ya zama firam. Fil biyu na ƙarfe su cije shi ta gefe da gefe a wajen yatsu, cikin wasu 'yan gurabe da aka dasa masa, wasu biyun su shige shi ta baya a dunduniya. Nauyi ya ragu da kusan rabi. Tun da babu sandar da ta haɗa gaba da baya, saitin kashi biyun ya koma wuyan wanda ya huda katakon.

## Ƙarshen Satumba: kayan gwanjo

Katakon daga kasuwar gwanjon kayan hunturu ya fito, yuro 60. Tsayinsa santimita 176, faɗin ƙugunsa milimita 88, cikinsa itace ne, babu farantin ƙarfe. An taɓa ɗaura masa maɗauri mai firam an cire, ramukan suna nan a buɗe. Maɗaurin kuwa wani abokin aikinsa ne ya sayar masa a kan yuro 80, Dynafit TLT Vertical ST, samfurin da Radical ya gaje shi a 2011. Ya daɗe a kwali, da sukuru 18 cif a cikin 'yar leda. Takalmi kaɗai ne sabo, tsawon tafinsa milimita 304, a rubuce a gefen dunduniya.

Tsarin hujin wannan maɗauri shi ne tushen duk abin da ya biyo baya. Kashin gaba yana cin sukuru biyar. Huɗu suna kusurwa huɗu, faɗi milimita 30, tsawo 26.5, na biyar yana tsakiya, milimita 19 gaba da su. Kashin dunduniya yana cin huɗu, biyu a faɗin 32, biyu a faɗin 36, tsakaninsu 52.5. Huji tara ke nan a kowane katako. Radical da ya zo bayansa huɗu kawai yake ci a gaba, 30 da 39.

## Makon farko na Oktoba: shaguna biyu

Shagon farko babba ne, na kayan wasanni iri-iri. Ma'aikacin ya jujjuya maɗaurin ya ce ba su da jagoran hujinsa. Jagoran huji wani firam ne na ƙarfe da ke kama katako ta gefe biyu ya tsaya a tsakiyarsa da kansa, yana da bututai da bakin huji ke bi ya sauka a miƙe. Kowane tsarin huji da nasa jagoran, shagon da cinikinsa na masu filin wasa ne kuwa ba shi da dalilin ajiye na samfurin da aka daina ƙerawa.

Shago na biyu suna da jagoran, amma suka ce ba sa ɗaura maɗaurin hannu da ya haura shekara goma. Dalilinsu alhaki ne. Ba su san inda ya kwana ba, ba su san faɗuwa nawa ya sha ba, roba tana tsufa, in kuma ƙafa ta karye sunan shagonsu ne a takardar aiki. A Amurka wannan magana har jeri gare ta: kowace shekara kamfanoni suna fitar da sunayen maɗauran da suke tsaya wa shago a kansu in an je kotu, ƙungiyar masu shagunan, NSSRA, ta haɗa su wuri guda. Wanda ya faɗo daga jerin, yawancin shaguna ba sa taɓa shi ko da bai taɓa fita daga kwali ba. A nan ba su kawo masa zancen jeri ba, ƙa'idar gidansu ce kawai. Suka nuna masa sabon maɗauri na sama da yuro 350, ɗaurawa kyauta. Ya yi godiya ya fito da kayansa a kafaɗa.

## Tsakiyar Oktoba: daren huji

Ya samo taswirar huji a intanet, wato takardar da aka zana wuraren ramukan a kanta daidai girmansu, ya buga ta a wurin aiki. Muka sauka ɗakin ƙasa bayan cin abincin dare. Kayan aikinsa injin huji mai batir, bakin huji na milimita 3.5, salatif ɗin takarda, rula, ƙusa mai tsini, guduma da gam ɗin itace mai jure ruwa. Ni ne mai danne katako da haska tocila.

Abubuwa da dama ya yi su bisa ƙa'ida. Ya ja layin tsakiya ta hanyar auno daga bakin ƙarfe na gefe zuwa ɗaya bakin a wuri uku, bai bi zanen ado na saman katakon ba, don zanen yakan karkace tun daga masana'anta. Ya haɗa alamar tsakiyar takalmi da alamar da ke jikin katako. Ya auna tsakanin sabbin ramuka da tsofaffi, mafi kusa milimita 14, abin da masu sana'ar ke nema kuwa kada ya gaza santimita ɗaya. Ya toshe tsofaffin da 'yan matosan roba da gam don kada ruwa ya shiga ya ruɓar da itacen. Bakin hujin ma daidai ne: 3.5 ake sa wa katako mai cikin itace, 4.1 ga mai farantin ƙarfe. Ya naɗa salatif a jikin bakin a zurfin milimita 9 don kada ya ɓullo ta ƙasan katakon.

A gefen taswirar akwai wani ɗan layi da aka rubuta inci ɗaya a ƙarƙashinsa. Rularsa ta santimita ce. Ya ɗora ta a kai, ya ga biyu da rabi ko kusa da haka, ya ce ai shi ke nan. Muka wuce.

Cikin minti 20 ya gama huji tara. Da ya zo ɗaura kashin dunduniya, sukurun suka shiga a ɗan karkace, kamar haƙoran da wuri ya yi musu kaɗan, amma dai sun shiga. Kashin gaba ya fara da sukurun baya na hagu, ya murɗe shi har ya tsaya, sannan na kusa da shi, har biyar. Ya tura kan takalmi, fil biyu suka cije shi ƙas. Ya sauke dunduniya a hankali. Ƙarfen da ke bayan takalmin, wanda ya kamata ya sauka daidai kan fil biyun baya, ya sauka milimita 3 hagu da su. Sai ya sa babban yatsa ya tura takalmin dama, sannan ya shiga.

Ya ɗaga ya sauke kusan sau goma, kamar mai jiran abin ya canja ra'ayi. Ƙarfe sha ɗaya na dare ya kashe fitila. Katako na biyu ba a taɓa shi ba.

Lissafin milimita ukun ba wuya. Daga sukurun farko zuwa na ƙarshe a kashin gaba milimita 45.5 ne, daga fil ɗin gaba zuwa dunduniyar takalmin kuwa kimanin 290. Ninki shida da ɗoriya ke nan. Karkacewar rabin milimita a gaba, wadda ido ba ya kamawa, tana zama uku a baya. Illarta kuma a wajen saki take. Irin wannan maɗauri ta dunduniya yake sakin ƙafa in ta murɗe: kashin baya yana juyawa a kan ginshiƙinsa, wani sifirin yana tare shi har sai ƙarfin murɗin ya kai iyakar da aka saita. Takalmin da aka tura ya shiga da ƙarfi ya riga ya danne sifirin ɗin ta gefe ɗaya tun kafin a fara tafiya. Ta wannan gefen zai saki da wuri, ta wancan ya makara.

## Makon da ya biyo: gyara sau uku

Karon farko ya sassauta sukuru biyar ɗin, ya tura kashin gaba ya saitu, ya sake ɗaurewa. Ya koma inda yake. Kan sukurun kamar mazurari yake, gurbinsa a jikin maɗauri ma haka, don haka da ya matse sai ya jawo maɗaurin zuwa inda ramin yake, ko an so ko ba a so ba.

Karo na biyu ya canja wanda yake fara ɗaurewa, karkacewar ta ragu zuwa milimita 2. A nan ne kuma kan sukuru biyu ya fara cinyewa, don sukudirebarsa ta Phillips ce, sukurun kuwa Pozidriv lamba 3 ne. A ido duk gicciye ne, amma bakin ɗaya ba ya zama daram a gurbin ɗayan, yana ta tsallakewa.

Karo na uku, da hannu ya gaji, ya sa injin hujin ya ɗaure. Sukurun baya na hagu, wanda wannan ne shigarsa ta huɗu, ya yi ta juyawa bai tsaya ba. Haƙoran da ya yanka wa kansa a cikin itacen sun tafi. Shawarar da ta biyo baya tawa ce, ba zan ɗora wa kowa ba. Na tuna yadda kafintocinmu ke yi in ramin sukurun ƙyaure ya yi faɗi: a cusa tsinken ashana biyu ko uku da gam, a mayar. Muka yi haka, ya kama, muka bar shi ya kwana. Washegari ya kulle takalmin a kashin gaba ya murɗa shi da hannu biyu, sai ga kan sukurun ya taso har farce na shiga ƙarƙashinsa. Ƙyaure rataye yake yana juyawa, ba a taɓa tambayarsa ya riƙe mutum mai kilo 74 yana shan kwana da gudu a kan ƙanƙara ba. Garin neman gira mun kusa rasa ido.

## Farkon Nuwamba: shago na uku

Wani da suke aiki tare ne ya kwatanta masa shi. Ƙaramin shago, kayan hawan dutse kaɗai yake sayarwa, mai shi dattijo ne mai furfura. A bangon ɗakin aikinsa jagororin huji ne rataye jere kamar kwanukan amarya, har da na maɗauran da ba a ƙara ganin irinsu a kasuwa. Bai tambayi shekarun maɗaurin ba. Ya kwance shi, ya duba fukafukan gaba masu ɗauke da fil da kuma ginshiƙin baya a ƙarƙashin fitila ko akwai tsagewa, bai ga komai ba. Sannan ya ɗora ma'aunin kauri a kan ramukan katakon. Inda ya kamata a ga 30 aka ga 29.2. Inda ya kamata a ga 52.5 aka ga 51. Ya ɗago kai ya tambayi maƙwabcina a kan wace irin takarda ya buga taswirar.

A Amurka aka zana ta, a kan takardarsu mai faɗin milimita 216. Takardar Turai, A4, faɗinta 210. Firintar ofis tana kan saitin da ke matse shafi ya shiga takarda, sai ta rage komai zuwa kashi 97 cikin 100. Layin inci ɗaya da ya kamata ya zama milimita 25.4 ya fito 24.7. Kashin gaba, daga sukurun farko zuwa na ƙarshe, ya gaza da milimita 1.3, don haka babu yadda za a yi biyar ɗin su zauna a tsakiyar ramukansu lokaci guda. Wanda aka fara matsewa shi ke jan maɗaurin gefensa.

Dattijon ya lissafa masa hanya uku. Ko a toshe tara ɗin a matsa gaba da santimita ɗaya a sake huji, amma katakon zai zama mai rami sahu uku a ƙarƙashin ƙafa. Ko a matsa baya, sai dai nan tsofaffin ramukan maɗauri mai firam sun tare hanya. Ko kuma a dasa gidajen sukuru na ƙarfe a daidai wurin da ramukan ya kamata su kasance. Aka zaɓi ta uku. Ya cike ramukan da gam ɗin efoksi mai bushewa a awa 24, ya kafa jagora ya yi huji mai faɗin kimanin milimita 6.5 wanda ya haɗiye kuskuren, ya yanka haƙora a ciki, ya murɗa gidajen da gam. Gidajen na ƙarfe ne mara tsatsa, gindinsu a rufe don ruwa, suna karɓar sukuru irin na inji, M5. Kwana takwas aikin ya ɗauka saboda layi, kuɗinsa yuro 70.

Katako na biyu zai jira mako uku a shagon, don a Nuwamba kowa a Tirol ke tuna yana da katako. Maƙwabcina ya ce shi zai yi da kansa. Dattijon bai hana shi ba. Ya sayar masa da bakin huji na sana'ar, 3.5 da zurfin 9.5, mai kafaɗa da ke tsayar da shi, da sukudireba Pozidriv 3, duka yuro 27. Ya ce masa: "Ka fara huda itacen banza. Kada ka matse gaba sai dunduniya ta zauna. Injin nan kuma na huji ne, ka ajiye shi in ka zo ɗauri."

## Tsakiyar Nuwamba: katako na biyu, a gida

Ya sake buga taswirar a kashi 100, ya auna layin inci ya ga 25.4. Bai tsaya nan ba, ya ɗora maɗaurin a kan takardar ya leƙa ta kowane rami ya ga gicciyen alama a tsakiya. Ya samo wani falanki na tsohon gado ya yi cikakken ɗauri a kansa, huji tara, sukuru tara, takalmi da komai. A falankin ne ya gano hannunsa yana karkata baya in yana huji, sai na koma tsugune a gefe ina gaya masa in bakin ya bar miƙe.

Wurin maɗaurin bai ɗauke shi daga alamar katako ba wannan karon. Ya auna daga wutsiyar katakon farko zuwa layin fil ɗin gaba, ya mayar da wannan awo a na biyu, don ƙafafu biyu su tsaya wuri ɗaya. Ya buga alama da ƙusa, ya huda, ya kankare ɗan tudun da ke tasowa a bakin kowane rami don maɗauri ya kwanta sumul, ya ɗiga gam. Kashin dunduniya ya fara ɗaurewa. Kashin gaba ya sa sukuru biyar ɗin sako-sako, ya sa takalmi ya sauke dunduniya ta zauna kan fil, ya cire, ya ƙara wa kowane rubu'in juyi, wannan kusurwa sannan wadda ke fuskantarta, ya mayar da takalmi ya duba. Haka har suka tsaya. Sau ɗaya dunduniyar ta fara zamewa dama, ya sassauta wanda ya jawo ta ya matse abokinsa tukuna. Awa uku aikin ya ci.

Saura tazarar dunduniya. Wannan samfurin yana son milimita 5.5 tsakanin bayan takalmi da jikin kashin baya. In katako ya lanƙwasa a rami tazarar tana raguwa, don haka in ta yi kaɗan takalmi zai daki maɗauri, in ta yi yawa fil ba su shiga sosai ba, ƙafa na iya fita haka kawai. Ɗan ma'aunin roba da ake sayar da maɗaurin da shi ya ɓace tuntuni, sai ya yi amfani da gindin bakin huji na 5.5, yana murɗa sukurun matsawa har gindin ya shiga da ƙyar.

## Ƙarshen Nuwamba: injin gwaji

Ya mayar da katakon biyu shago na uku. Jadawalin ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 11088, wanda shaguna ke bi wajen saita ƙarfin sakin maɗauri, yana haɗa nauyi, tsayi, shekaru, tsawon tafin takalmi da irin zamiyar mutum. Ga mai kilo 74, santimita 178, tafi 304, mai matsakaicin gudu, lambar da za a saita a jikin maɗauri ta fito 6.5. A ma'aunin murɗi wannan yana nufin takalmi ya fita ta gefe a niyuton-mita 58, abin karɓa daga 50 zuwa 67.

Injin ya murɗa takalmin a katakon farko: 57 hagu, 60 dama. A na biyu, wanda aka ɗaura a gida: 70 hagu, 71 dama. Gefe biyun sun yi daidai da juna, alamar saitin huji ya yi, amma duka sun haura iyaka. Dattijon ya kwance murfin sifirin ɗin baya, ya zaro shi. Giris ɗin ciki ya bushe ya zama kamar ƙanzo. Ya wanke, ya shafa sabo, ya mayar. Injin ya ba da 59 da 61. Ya yi wa ɗayan ma haka tun da ya riga ya ɓata hannu, sannan ya gwada sakin sama, na faɗuwa ta gaba, duka biyun suka faɗa cikin iyaka. Yuro 20. Ya sa maƙwabcina ya sa hannu a takardar da ke cewa maɗaurin na hannu ne, mai shi ne ya kawo, kuma shi ya ɗaura ɗaya daga ciki.

## Disamba zuwa Maris

Fitar farko a Rangger Köpfl ce, sama da Oberperfuss, a gefen filin da aka share, don in wani abu ya kwance a sauko cikin sauƙi. Ba abin da ya motsa. A Janairu ya fara shiga kwarin Sellrain tare da wasu da suka fi shi sanin dutse. A can ne katako ya fice masa sau ɗaya ba tare da faɗuwa ba, jim kaɗan da fara gangara. Da aka duba, ƙanƙara ce ta daskare a ƙarƙashin fukafukan gaba da cikin guraben takalmi, fil ba su rufe har ƙarshe ba. Daga ranar yakan buɗe ya rufe kashin gaba da hannu sau biyu ko uku, ya sa takalmi ya kaɗa ƙafa gaba da baya fil su share gurbinsu, kafin ya taka dunduniya. Abin bai sake faruwa ba. A Fabrairu ya yi faɗuwa ta gaske a dusar ƙanƙara mai ɓawo, kan katakon hagu ya nutse, dunduniya ta saki ta gefe, ya tashi lafiya.

Ƙarshen Maris, bayan fita 14, ya bi sukuru 18 da sukudireba. Biyu daga cikin na gidajen ƙarfe sun ɗan karɓi juyi, ya ɗiga musu gam ɗin kulle noti irin wanda ba ya cin roba. Na katakon gida ko ɗaya bai motsa ba.

## Hukunci

Tsufan maɗaurin, wanda shi ne aka fi tsorata shi da shi, abu ɗaya ya jawo a wannan lamari: busasshen giris. Duk sauran wahalar daga huji ta fito, hujin kuma daga saitin firinta. Da an tsaya minti ɗaya a kan layin inci, da an tsira daga yuro 70 da mako uku. Ban ɗauki wannan a matsayin hujjar cewa shago na biyu sun yi kuskure ba. Ba su buɗe maɗaurin sun duba ba, kuma wanda bai duba ba gara ya ƙi. Abin da na riƙe musu, su da na farko, shi ne ba wanda ya ce masa akwai masu wannan aiki a gari ɗaya. A shago na uku ɗaurin katako biyu da jagora yuro 50 ne a lokacin. Shi ya kashe 117.

Kuskure uku na gida ba nauyinsu ɗaya ba. Taswirar da ta ƙanƙance ita ce ta ɓata katako. Matse gaba kafin duba dunduniya da zai iya ɓata ko da taswirar daidai take, don hujin hannu ba ya rasa kuskuren kwatan milimita, tsarin ɗaurin ne ke shanye shi. Injin da ashana kuwa gajiya ce da taurin kai, nawa da nasa. Katako na biyu ya nuna aikin gida yana iya kai na shago a saiti, amma da bakin huji na sana'a, da falankin gwaji, da awa uku, da umarnin mutumin da ya yi shekaru yana yi. Wanda zai ɗaura katako ɗaya a shekara biyar, ni dai ban ga ribarsa ba in akwai shago mai jagoran. Wanda ba shi da irin wannan shago kusa, hanyar katako na biyu tana aiki.

Abin da gida ba ya iyawa ko kaɗan shi ne gwajin inji. Maɗaurin da ke sakin ƙafa a 70 maimakon 58 yana shiga ƙas, yana zama daram, lambar da ke jikinsa tana nuna 6.5, ba abin da zai gaya maka sai ranar faɗuwa. Gwajin ma yana da iyaka. Kashin gaba na wannan samfuri ba shi da abin saita saki, kuma sai a 2014 aka fara samun maɗauri mai fil da ya karɓi shaidar TÜV, cibiyar gwajin inganci ta Jamus, bisa ƙa'idar ISO 13992, bayan zamanin Vertical. Faɗuwa ɗaya a Fabrairu ba ta isa a ce zai saki a kowace irin murɗiya ba.

Katakon farko yanzu yana ɗauke da gidajen ƙarfe tara da tsofaffin ramuka a toshe, dattijon ya ce ba shi da sauran wurin wani huji. In maƙwabcina ya canja takalmi, kashin dunduniya yana iya matsawa a kan layinsa, gaba da baya jimilla santimita biyu da ɗoriya. In sabon takalmin ya wuce haka, sai dai wani katakon.